Ruwan da Ubaidu Ya Ƙi Sha

"Matata, me za a sayo miki daga Danja?"

Mahadi ne ya jefo wannan tambaya, yana bisa mashin ko kashe shi bai yi ba, a ƙofar gidan Malam Isah na Gozaki. Kuma a gaban Ubaidullahi ya jefo ta, bawan Allah da ya rufe shagon ɗinkinsa a Funtuwa tun azahar, ya sha kwalta ya sha burji don kawai ya zo zance wurin Maijidda.

Maijidda ta yi dariya har da rufe baki da gefen hijabi.

"Rake, Yaya Mahadi. Kada kuma ka kwaso mini mai tsutsa irin na ran nan, marowaci kawai."

"An gama, ranki ya daɗe." Ya juyo ya dubi baƙon daga sama har ƙasa. "Tela, sai mun haɗu a gona ran Asabar. A shafa wa hannu mai, ka san garma ba almakashi ba ce."

Ya murɗa mashin ya tafi, ya bar musu hayaƙi.

Ubaidu ya bi shi da harara. Yana zaune a kan dakali, amma wutar da ke cin sa a ƙirji da za a ɗora mata tukunya da ta tafasa. An ce kishi kumallon mata, ni kuwa na ce wanda ya fara faɗin haka bai taɓa ganin Ubaidu ba.

Mahadi ɗan Gwaggo Tsohuwa ne, yayar Malam Isah. Ke nan shi da Maijidda taubasai ne, kuma kowa ya san wasan taubasai ba shi da linzami. Tun ba ta iya ɗaura kallabi ba yake ce mata matata, ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Sai bana da Gwaggo ta ɗauki wasan ta mai da shi magana. Ta zo ta zauna a ɗakin ƙanenta ta ce ita ba ta ga dalilin ɗaukar 'yar gida a kai wa baƙo a birni ba, ga ɗan'uwanta manomi, rumbunsa cike.

Malam Isah ba ya son yi wa 'yarsa dole, ba ya kuma son watsa wa yayarsa ƙasa a ido. Sai ya ce to, zai kira gayya a yi masa huɗar masara ran Asabar. Duk mai son Maijidda ya zo da mutanensa, ya gan shi a gona.

"Ka yi shiru," in ji Maijidda.

"Me zan ce? Ai mijinki ya gama magana."

"Haba, Ubaidu. Taubashina ne fa."

"Taubashi! Ni ma ina da taubasai, ban ga wadda take yi mini irin wannan dariyar ba. Kafin ki rufe baki, har haƙoranki na ƙurya sai da na hango. Ni da na taso tun daga Funtuwa, murmushi ma sai na roƙa."

Ta zauna a ɗaya gefen dakalin, ta sassauta murya.

"Wallahi da za ka buɗe zuciyata da ka ji kunyar wannan maganar. Gwaggo ta yi kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwata saboda kai. Ƙannen Baba sun ce na zama 'yar birni, na raina dangi. Duk na shanye. Kai ma da nake shan wannan dominka sai ka zo ka ƙara mini?"

"To ki daina ce masa Yaya."

"In ce masa me? Ya girme ni."

"Ki daina ce masa komai."

Hawaye ya cika mata ido. Ta share da bayan hannu ta ce, "Saurara ka ji. Inna ta ce ta ji Baba da bakinsa yana cewa shi ba gasa ya kira ba. So yake ya ga ko za ka zo, ko kuwa kana ƙyamar sana'armu. Ko kuyya ɗaya, layi guda na masara, ka huɗe ka koma inuwa, ta wadatar."

"In koma inuwa? Shi kuma makaɗa suna wasa shi, ke kina miƙa masa ruwa?"

"Ruwa ai al'ada ce. Wanda ya fara kai ƙarshen kuyya shi 'yar mai gona take fara bai wa. Ba ni na kafa ba, haka na taso na gani."

"To ni zan fara kaiwa."

Ta dubi hannuwansa, tafin nan sumul, ba kanta sai 'yar wadda almakashi ya yi masa a babban yatsa. Tausayi ya kama ta, kuma ya gani a idonta. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kin ga? Ke ma kin raina ni."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Tana kiran sunansa, bai waiwayo ba.

* * *

Washegari ɗinki ya gagare shi. Duk inda ya sa allura sai ya ga Mahadi yana karɓar moɗa daga hannun Maijidda. Ya farke wuyan riga ɗaya har ya gaji, ya ture keken ya nufi kasuwar hatsi wurin Mati.

Mati abokinsa ne tun suna yara, yanzu dako yake yi, yana loda buhunan masara a manyan motoci. Ya saurari labarin yana ta murza hanci, sannan ya tuntsire da dariya.

"Wannan ce damuwar? Kai, tela, kana wahalar da kanka. Ka ga motar can? Mu muka cika ta, ko zama ban yi ba."

Ya ja shi bayan wani tarin buhuna, ya zaro 'yar leda ƙullalliya daga cikin hularsa. Wani farin gari ne a ciki.

Ubaidu ya ja da baya. "A'uzubillahi. Ni ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba."

"Wa ya ce ka zama ɗan ƙwaya? Yini ɗaya ne fa. Ka san hodar iblis da masu kuɗi suke shaƙa? To wannan ƙanwarta ce. Ita ba shuka ta ake yi ba, haɗa ta ake yi. Aikinsu ɗaya, har ma wannan ta fi daɗewa a jiki. Ba gajiya, ba yunwa, ba ƙishirwa."

"Me ke cikinta?"

"Lemon kwalba da kake sha, ka san abin da ke cikinsa?"

Gaskiyar magana, Mati bai sani ba. Wanda ya sayar masa ma bai sani ba. Ta yau daban, ta gobe daban, duk abin da mai haɗawa ya samu shi yake zubawa. Kuma da Ubaidu ya kalli abokin nasa da idon basira, da ya ga yadda ya rame ya bushe, leɓe duk ya tsage, idanu zuru-zuru ba sa tsayawa wuri ɗaya. To amma mai kishi ba ya ganin abin da ke gabansa.

"Ko dai ka fi son ka zauna a inuwa kana kallo yana shan ruwa a hannunta?" in ji Mati.

Ubaidu ya miƙa hannu.

* * *

An yi ruwa kafin wayewar Asabar, sai rana ta fito da ƙarfinta, ƙasa tana tururi. Gonar Malam Isah ta cika. Ga samarin Gozaki a bayan Mahadi, kowa da garmarsa da ta sha wasi. Ga kuma 'yan Funtuwa a bayan Ubaidu, wasu har da kambas da tabarau, mata suna ƙus-ƙus suna dariya. Makaɗa sun tsaya a bakin gona. Maijidda da ƙawayenta sun jera tuluna a ɗaya ƙarshen.

Malam Isah yana zaune a kan buzu cikin dattawa. Da ya ga Ubaidu ya saɓa garma ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, ɗan nan. Allah ya yi albarka."

Kafin a jera, Ubaidu ya zaga bayan wata tsohuwar tsamiya da ke gefen gonar, shi da Mati. Da ya fito, hancinsa na yi masa raɗaɗi, amma duniya ta yi masa wasai. Ji yake da za a ce ya ɗaga tsamiyar da ya ɗaga.

Ganga ta tashi, garemani suka faɗa ƙasa.

Mahadi gwani ne, wannan ba a musu. Tafiya yake a sunkuye, ƙasa na kifewa dama da hagu, makaɗa suna binsa da takensa: "Na Tsohuwa, gagara-kuyya! Ƙasa ta san ka, rana ta san ka!" Shi ya fara kai ƙarshe. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne wanda ya biyo shi, domin ba ɗan Gozaki ba ne. Tela ne.

Maijidda ta cika moɗa ta miƙa wa Mahadi, kanta a ƙasa.

"Sannu, matata," in ji shi. Ya sha, ya juye sauran a ka.

Ta yi maza ta sake cikawa ta nufi Ubaidu, fuskarta cike da murna. "Sannu da ƙoƙari! Wallahi ka ba ni mamaki. Ungo."

Ya kalli moɗar, ya kalli bakinta inda Mahadi ya sa nasa.

"Saura za ki ba ni?"

"Bari in ɗauraye."

"Bar shi. Ba na jin ƙishi."

Kuma da gaske ba ya ji. Gumi na zuba daga jikinsa har wandonsa ya jiƙe, amma garin nan ya kashe masa ƙishirwa. Ya juya ya ga Mahadi yana faɗa wa 'yan matan wata magana, suna dariya, Maijidda ma ta ɗan murmusa. Bai tsaya ya ji me aka ce ba. Ya sake zagawa bayan tsamiya.

A kuyyar da ta biyo baya tare suka isa. A ta gaba kuwa Ubaidu ya wuce shi. Gona ta ɗauki ihu, 'yan Funtuwa suna tsalle suna jefa huluna sama. Makaɗa, da ma su inda kasuwa take ci can suke, suka bar Mahadi suka koma bayan Ubaidu. Ba shi da take, nan take suka ƙaga masa: "Tela mai ɗinke gona! Allura ta fi garma kaifi!"

Daga nan jikinsa ya fara rawa. Muƙamuƙinsa ya riƙe, yana cizon haƙora har ana jin ƙarar. Idanu suka firfito, suka yi jawur. Tafin hannunsa ya fashe, jini ya ɓata ƙotar garma, bai ma sani ba.

A wurin gayya kuwa kowa ya san ma'anar wannan. In gwanin noma ya ji takensa, jikinsa yakan yi tsuma, ya rinƙa kyarma yana huci, sai a ce tsimi ya motsa. Abin alfahari ne, kuma maganinsa a ƙara masa kiɗa.

"Ashe yaron nan ɗan gado ne!" in ji wani dattijo. "Ku dubi tsuma! Rabona da ganin irin wannan tun zamanin iyayenmu."

"A ƙara masa wuta!"

Makaɗa suka ƙara. Mata suka rangaɗa guɗa. Gwaggo Tsohuwa ta tsuke baki ta juya baya.

Maijidda kaɗai ce ba ta yi guɗa ba. Ta san Ubaidu. Mutumin da ko tsire mai yaji ya ci sai ya yi ta fifita da hula, yaushe ya sha tsimi? Kakansa ma tela ne.

Da ya iso ƙarshen kuyya shi kaɗai, ta tare shi da gudu da sabuwar moɗa wadda ba wanda ya taɓa sa wa baki.

"Kai ka fara isowa, ruwanka ne. Don girman Allah ka sha, ka zauna haka nan."

Ya tsaya yana haki. Gumin ya ɗauke, fatarsa ta bushe, zafin jikinsa har ita tana jin hucinsa. Ya zuba mata idanun da ba ta taɓa gani ba.

"Me kuka zuba a ciki?"

"Ubaidu, ni ce fa. Maijidda."

"Na gan ku. Tun safe kuke magana da ido. Ga shi nan a bayanki yana yi mini dariya."

Ta waiwaya. Ba kowa a bayanta sai tuluna. Mahadi yana can tsakiyar gona bai ma ɗago ba.

"So kuke in sha in kwanta, ya ɗauke ki a mashin!"

Ya kaɗe moɗar, ruwan ya bi ƙasa. Ya fizge rigarsa ya yar, ya ce wuta ake hura masa a ciki. Ya kama sabuwar kuyya, ganga na binsa, jama'a na tafi.

Bai kai rabinta ba ya tsaya cak, ya dafe ƙirji. Garma ta suɓuce. Ya kife a kan masara, jikinsa ya sandare, sannan ya hau fizge-fizge.

Ganga ta yi shiru.

* * *

Aka yi caa a kansa. Wannan na tofa addu'a, wancan na danna masa ƙafa.

"Mutanen ɓoye ne," in ji wata tsohuwa. "Na gan shi yana ta zagawa bayan tsamiyar nan. Wa ya aike shi? A lulluɓe shi da bargo, a kai shi ɗaki a turara masa."

Wani ya kwance mayafi ya rufa masa, a jikin da ke ci kamar garwashi.

Mati ya ga abin ya girmama. Tsoro ya kama shi, kuma mai tsoro bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

"Ba wasu aljanu! Sammu ne! Jifa aka yi masa don ya ci su a gona. Ga wanda ya yi nan!"

Ya nuna Mahadi.

Kafin a ce haka, 'yan Funtuwa sun kewaye Mahadi, samarin Gozaki sun ɗaga garemani. Gwaggo Tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana kururuwa. Wasu daga cikin dattawan ma suka fara kallon Mahadi a kaikaice, domin kowa ya ga yadda aka ƙwace masa makaɗa.

Maijidda tana gefe, ta rungume rigar da Ubaidu ya yar. Tana murza ta cikin ruɗewa sai ta ji wani abu a aljihu. Ta zaro. 'Yar leda ce, an kwance ƙullin, da sauran farin gari a ƙasanta. Ta ɗago suka haɗa ido da Mati. Yadda ya kawar da kai ya gaya mata komai.

Ta dunƙule ledar a hannu. Ba wanda ya gani.

In ta yi shiru, an gama. Ubaidu ya ci gayya a gaban kowa, ga shi kuma an ce an zalunce shi. Gwaggo ba za ta ƙara samun bakin magana ba, Baba zai ba shi ita ko don kunya. Abin da ta yi ta kuka a kansa ke nan, ga shi a tafin hannunta. In kuwa ta buɗe hannun, ta san Babanta. Mutumin da ya kori ɗan ƙanensa daga gida a kan maganin tari na maye ba zai ba wa mai shaƙar hoda 'yarsa ba.

Ta dubi Ubaidu a ƙarƙashin mayafi, numfashinsa na fita da ƙyar, ana shawarar wa zai kawo garwashin turare. Ta dubi Mahadi, wani ya riga ya shaƙe masa wuyan riga.

Ta ratsa maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zube a gaban Malam Isah.

"Baba, ba sammu ba ne. Ba aljanu ba ne." Ta buɗe hannu. "A aljihunsa na samu. Don Allah a cire masa mayafin nan, a kai shi asibiti. Zai mutu, Baba."

Malam Isah ya daɗe yana kallon ledar. Bai dubi 'yarsa ba.

Da aka waiga neman Mati, sai sawunsa a cikin masara.

Mahadi ne ya fara motsi. Ya ture hannun da ke wuyansa, ya yaye mayafin, ya ɗauki tulu guda ya juye wa Ubaidu. Ya ce a jiƙa tsummoki a bi shi da su. Ya saɓa shi a kafaɗa ya yi bakin hanya da shi, inda aka tsayar da wata a-kori-kura mai ɗaukar taki.

* * *

A asibitin Malumfashi likita ya karɓi ledar, ya juya ta, ya girgiza kai, ya dubi Malam Isah.

"Alhaji, wadda ta kawo wannan ita ta taimake mu, da mun ɓata lokaci muna lalube. Irin haɗe-haɗen nan ne da ake yi don su kwaikwayi hodar iblis. Ba wanda zai ce maka ga abin da ke ciki, wani lokaci ko gwajinmu ba ya nuna su. Suna sa zuciya gudu fiye da ƙarfinta, su dafa jiki daga ciki, mutum ya yi ta aiki bai san yana ƙonewa ba. Ga rana, ga shi bai sha ruwa ba. Naman jikinsa ya fara narkewa, dattin ya je ya toshe ƙoda. Kun ga fitsarin da muka jawo, baƙi ne. Da kun rufe shi a ɗaki da hayaƙi, da yanzu wata maganar ake yi."

"Zai tashi?" in ji Maijidda.

"Muna fata. Ƙodar ce ban sani ba. In ba ta farfaɗo ba, sai an tura shi inda ake wankin ƙoda. Kuma ko ya farka, zargi da gane-ganen nan sukan daɗe ba su sake mutum ba."

A barandar asibitin Malam Isah ya zauna a kan benci. Maijidda ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Baba, sau ɗaya ne. Wallahi ba halinsa ba ne. Saboda ni ya yi."

"Na sani, uwata." Haka yake kiran ta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ni da na ga yaron nan ya saɓa garma ya zo ya gaishe ni da safe, a raina na riga na ba shi. Ban nemi ya kayar da kowa ba. Amma wanda wasan taubasai ya sa ya shaƙi guba, ran da ya ga kin gaisa da mai sayar da manja me zai yi?"

"Baba, ka yi masa rai."

"Ba zan ce ki auri Mahadi ba, wannan tsakaninki da zuciyarki. Amma wannan yaron, da hannuna ba zan ɗaura ba. In ya farfaɗo zan kawo ki ki yi masa sannu, ki kuma yi masa sallama."

Ya cika alkawari. Ran da aka ce Ubaidu ya buɗe ido, ya kawo ta da hantsi, shi ya tsaya a waje.

Da ƙyar ta gane shi. Fuska ta kumbura, hannuwa a naɗe da bandeji, leɓɓa sun bushe sun yi fari.

"Maijidda," ya ce a hankali. "Ruwa."

Ta ɗauko gorar da ke gefen gado. Nas ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, a murfi za ki zuba masa. Likita ya ce a taƙaita, ƙodarsa ba ta fitarwa."

Ta tsiyaya a ɗan murfin gorar, ta kai masa baki. Ya lashe har da harshe.

"Ƙara mini. Don Allah. Maƙogwarona kamar an zuba yashi."

"An hana."

"Ki cika mini moɗa, Maijidda. Ko wa ya sha a ciki, zan sha."

Kukan da take dannewa ya ƙwace. Ta kifa kai a ƙarfen gado, shi ma hawaye na bin gefen idonsa.

"Na ci gayyar, ko? Ni na fara kaiwa."

"Kai ka fara kaiwa."

"To me Baba ya ce?"

Ta sunkuyar da kai. Ta rufe gorar ta mayar wurinta.

Ya daɗe yana kallon silin. Can sai ya ce, "Wa ya kawo ni nan?"

"Yaya Mahadi. A kafaɗarsa ya ɗauko ka."

Ta zaci zai ce Allah ya saka masa. Sai ta ga idanun sun sauya, sun koma irin na ranar gayya.

"Ke a ina kika zauna a motar? Gaba, kusa da shi?"

Maijidda ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Hawayen ma ya tsaya.

Daga waje Malam Isah ya yi gyaran murya. "Uwata, taso haka nan."

Ta miƙe ta gyara hijabi. "Allah ya ba ka lafiya, Ubaidu. Ka yafe mini."

"Yaushe za ki dawo? Maijidda! Wa zai mai da ku gida?"

Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta dafa bango. Ba ta waiwayo ba. Labule ya faɗi a bayanta.

Ya yunƙura zai tashi, robobin da ke jikinsa suka riƙe shi. Ya kasa kunne yana neman ƙarar mashin a cikin hayaniyar waje. Ga gorar ruwa cike a gefen kansa, ya miƙa naɗaɗɗen hannunsa, bai kai ba.